Rai Arba'in, Dafi Goma

A wani ɗan shagon sayar da katunan wasa da ke birnin Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, akwai wani saurayi da kowa ke kira Mai Banki. Ba a banki yake aiki ba, lodin kwalaye yake yi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. A kan tebur ya samo sunan, wurin wasan nan da ake kira Magic: The Gathering.

Wasan ɗan gida ne a yankin. Wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, hedikwatar kamfanin kuwa tana Renton, 'yar tafiya kaɗan daga Seattle. Mutum biyu ne ke zama suna fuskantar juna, kowa da damin katin da ya haɗa da hannunsa, wanda bai gaza 60 ba. Wasu katunan na ƙasa ne, su ne jarin mutum, sai ya kwantar da su a gicciye kafin ya iya sauko da wani kati fagen daga. Wasu mayaƙa ne, kowanne da lambobi biyu a kusurwarsa, ɗaya ƙarfin bugunsa, ɗaya ƙarfin jurewarsa. Wasu kuma na siddabaru ne, a yi amfani da su sau ɗaya a ajiye gefe. Kowa da rai 20 yake farawa, wanda aka yi ta buga har ransa ya koma sifili ya faɗi.

Mai Banki ya dubi wannan ƙa'ida ya yanke cewa ya gano sirrin wasan: wanda ransa bai ƙare ba, ba ya faɗuwa. Sai ya haɗa dami na fararen katuna, kusan duk na tara rai. Yana da Soul Warden, 'yar ƙaramar mayaƙiya wadda duk lokacin da wani mayaƙi ya shigo fage, nasa ne ko na abokin karawa, sai ta ƙara masa rai 1. Yana da Ajani's Pridemate, wanda ke ƙara girma duk sanda ran ubangidansa ya ƙaru. Da alƙalami mai kauri yake rubuta lissafinsa, kuma ba ya rubutawa a ɓoye. "Ashirin da bakwai," in ji shi, yadda teburin baya zai ji. Can anjima, "Talatin da ɗaya." Yawancin masu karawa da shi gajiya suke yi su tattara katunansu tun kafin a kai ƙarshe.

Yana da ƙanwa 'yar shekara 15. Mahaifiyarsu na aikin dare ranar Juma'a, ga shi daren Juma'a ne shagon ke yin gasarsa ta mako-mako, don haka dole ya riƙa tahowa da ita. Shi ya koya mata wasan, wannan kam ba mai ƙwace masa. Sai dai koyarwar tasa da ƙaya take tafe. In ta daɗe tana tunani, sai ya miƙo hannu ta kafaɗarta ya zare kati daga hannunta ya ajiye mata. In ta yi kuskure, sai ya kira abokansa su zo su gani. Shi ya fara kiranta 'Yar Rakiya, sunan ya bi ta har yaran da ba su san sunanta na gaskiya ba suka ɗauka. Akwai ranar da ya ba da wani katinta da take so a musaya ba tare da ya tambaye ta ba. Akwai ranar da ya manta da ita a bakin makaranta ana tsuga ruwa, irin ruwan Seattle da ba ya gaggawar ɗaukewa.

Duk sanda ya ga ta ɓata fuska, sai ya je wurin mai shago ya sayo sabon fakitin kati a rufe, ya jefa mata a cinya. "Ungo. Shi ke nan ko?" Sai ta ce, "Na gode, Yaya," ta sa a jaka.

Ni dai ban ɗauke shi mugun mutum ba. Albashinsa ba shi da yawa, fakitin nan kuma da guminsa yake saye. Matsalarsa ita ce ya yi imani komai na duniya asusu ɗaya ne, in ka cire kaɗan da safe ka zuba da yawa da yamma, lissafi ya daidaita.

Mai shagon wata dattijuwa ce mai furfura, tun shekarun farko na wasan take cikinsa. Wata Asabar da rana, shago ba kowa, sai ga yarinyar ita kaɗai da jakarta a baya. Ta tsaya a gaban kanta ta ce, "Madam, wanda ransa ba ya ƙarewa, akwai yadda ake kayar da shi?"

Dattijuwa ta dube ta ta saman tabarau. Ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta jawo wani tsohon akwati ta fito da kati mai hoton kunama.

"Wannan sunansa Pit Scorpion, na jerin Legends ne, 1994. In ya sari mutum, bayan ran da zai rage masa, sai ya bar masa ɗigon dafi guda. Ba a rubuta shi tare da rai, gefe ake ajiye shi, ko da dutse ko da dayis. Ranar da ɗigon ya cika goma, mutum ya faɗi nan take, ko ransa dubu ne."

"In ya ƙara rai fa?"

"Ya ƙara mana. Asusunsu ba ɗaya ba ne. Rai na hawa yana sauka. Dafi hawa kawai ya sani."

Ta ce a zamanin kunamar nan ba wanda ya ɗauki dafi da muhimmanci, don katunan raunana ne, sai mayaƙi ya yi sara goma kafin a ga amfaninsa, kafin nan an daɗe da kashe shi. Abin ya canza ne a 2010, da fitowar jerin Scars of Mirrodin. A labarin da aka gina katunan a kai, wasu mahara da ake kira 'yan Phyrexia, rabi nama rabi ƙarfe, sun shiga wata duniyar ƙarfe suna yaɗa wani baƙin mai da ke mayar da duk wanda ya taɓa irinsu. Masu tsara wasan suka so mai wasa ya ji wannan cutar a jikinsa, sai suka fito da mayaƙa masu ɗauke da kalmar Infect. Irin wannan mayaƙi ba ya taɓa ran mutum ko kaɗan. Duk bugun da ya yi, dafi yake zama: bugu 1 ɗigo 1, bugu 4 ɗigo 4. In kuwa da wani mayaƙin ya yi karo, raunin da zai ji masa ba ya warkewa a ƙarshen zagaye kamar yadda aka saba, yana zama a jikinsa ya rage masa ƙarfi har ya bar fage.

"A 2023 sun dawo da dafi a jerin Phyrexia: All Will Be One, amma sun rage masa kaifi," in ji ta. "Waɗancan, masu kalmar Toxic, suna rage rai kamar kowa, sannan su ba da dafi daidai lambar da aka buga musu, ko kin kumbura mayaƙin ya kai giwa lambar ba ta motsi. Na 2010 da 2011 kuwa, in kin ƙara wa mayaƙi ƙarfi, dafin ma ya ƙaru. Su nake ganin kike nema. Kuma yawancinsu masu araha ne."

Yarinya ta sauke jakarta ta zuge.

Juma'a biyu bayan nan, kwamfutar shago ta haɗa wa da ƙanwa a zagaye na biyu na gasa. Abokan Mai Banki suka jawo kujeru. Wanda ya ci wasa biyu cikin uku shi ke wucewa.

"Zan bi ki a hankali," in ji shi.

Ita ta fara. Ta ajiye 'yan duwatsun gilashi kore guda goma a gefen hannunta, ba ta ce komai a kansu ba. A zagayenta na biyu ta sauko da Blighted Agent, wani siririn mayaƙi mai bugu 1 da juriya 1, wanda ƙa'idarsa ta ce ba a iya tare shi. Soul Warden na fage, don haka shigowarsa ta ƙara wa Mai Banki rai.

"Na gode da kyauta," ya ce, ya rubuta 21.

Zagaye na uku siririn ya kai hari. Mai Banki ya ɗauki alƙalami zai rage ɗaya, ta ce, "Bar ranka yadda yake, Yaya." Ta tura masa dutse guda. Ya juya shi a hannu ya yi dariya, ya ajiye kusa da takardarsa. Na huɗu ta tura na biyu. Na biyar ta tura na uku.

A hannunsa akwai Path to Exile, katin da ƙasa guda kawai yake ci, ya kuma kawar da kowane irin mayaƙi daga fage. Wani abokinsa da ke tsaye a baya ya gan shi, ya yi ta muzurai, amma doka ta hana ɗan kallo magana. Mai Banki kuwa ajiyarsa yake yi wa babban dodo, don a ganinsa asara ce a kashe irin wannan makami a kan abu mai bugu 1. Ransa ya kai 28. Da zagayensa ya zo, sai ya kwantar da ƙasashensa biyar gaba ɗaya ya sauko da abin alfaharinsa, Baneslayer Angel, mala'ika mai fukafukai, bugu 5 juriya 5, wadda duk bugun da ta yi rai ne ke shiga asusun mai ita.

Yarinya ta dubi ƙasashensa ɗaya bayan ɗaya, duk a kwance. Ba abin da zai iya biya kafin zagayensa ya dawo. Ta tura siririn nata, ta kwantar da ƙasa guda ta ɗora masa Giant Growth, tsohon katin da ke cikin wasan tun 1993, mai ƙara 3. Ta kwantar da wata ta ɗora na biyu.

"Ɗaya da uku da uku, bakwai. Da ukun da ke wurinka, goma."

Ta tura masa sauran duwatsun gaba ɗaya. Ya dubi takardarsa, ransa na nan ba abin da ya taɓa shi. Ya ɗaga hannu ya kira mai shago, wadda ita ce alƙaliyar gasa. Ta zo ta ƙirga duwatsu da yatsa ta ce wasa ya ƙare. Wani daga baya ya ce, "Raina kama!" aka kwashe da dariya, karon farko da dariyar teburin nan ba a kan yarinyar ta sauka ba.

Tsakanin wasa da wasa ana ba mutum damar sauya katuna daga 15 da yake ajiyewa a gefe. Mai Banki bai ko buɗe akwatin ba. Sa'a ce, in ji shi, an ci shi ne yana barci.

Wasa na biyu ya fi na farko tsawo, ya kuma fi shi ciwo. Ta buɗe da Glistener Elf, shi ma bugu 1 juriya 1 ne, amma wannan ana iya tare shi. Da ya kawo hari, Mai Banki na da Soul Warden a tsaye. In ya tare, su biyun za su mutu, shi kuma ba ya son rasa mai kawo masa kuɗin shiga. Ya bar shi ya wuce. Dutse ɗaya. Zagaye na gaba ya sake bari, ta ɗora Giant Growth, duwatsu suka zama biyar. A nan ya farka. Ya kawar da Elf da Path to Exile. Blighted Agent ya shigo ya samu sara guda, shida ke nan, shi ma ya bi da shi da wani Path ɗin. Fagenta ya zama wayam.

"To, yanzu da me za ki sare ni?"

Abin da bai kula da shi ba shi ne, duk wanda aka kawar wa mayaƙi da Path to Exile, ana ba shi damar zaro katin ƙasa guda daga daminsa ya ajiye. Da hannunsa ya ƙara mata ƙasa biyu. Ta sauko da wata 'yar na'ura mai suna Contagion Clasp, wadda da shigowarta ta raunata Soul Warden ta mutu. Zagaye na gaba ta kwantar da ƙasa huɗu, ta kwantar da na'urar, ta tura masa dutse na bakwai ba tare da ko mayaƙi guda ya motsa ba.

Aikin na'urar hayayyafa ne. Mai ita na zaɓar duk wanda ya ga dama cikin masu ɗauke da wata alama, mutum ne ko kati, ya ƙara masa guda irin wadda yake da ita. Wanda ba shi da ko ɗigo ɗaya, na'urar ba ta da abin da za ta yi masa, ko ta kwana tana juyawa. Da Mai Banki ya tare harin farkon nan, ya kuma ci gaba da tsare ƙofarsa, da ƙarfen banza ta ajiye a tebur. Katin da ke fasa irin wannan na'ura kuwa yana nan kwance cikin goma sha biyar ɗin da ya ƙi buɗewa.

Daga nan sai tsere. Pridemate ɗinsa ya yi girma, amma duk sanda ya taso sai ta jefa masa ɗan ƙaramin mayaƙi a gaba ya tare. Ya sauko da Baneslayer. Ta tura dutse na takwas. Mala'ikar ta kai hari ta sama, ransa ya tashi daga 31 zuwa 36. Na tara. Ta sake kai hari, ya rubuta 41, amma wannan karon bai faɗa da ƙarfi ba. Ran yarinyar ya sauko zuwa 5, bugu guda ya rage ya gama da ita. Sai dai zagayen nata ne. Ta tayar da ƙasashenta, ta sake kwantar da huɗu.

Ya miƙa mata hannu kamar yadda al'adar gasa ta tanada, ya tashi ya nufi kanta.

"Madam, ba ni maganin dafi. Ko nawa ne."

Dattijuwa ta ce ba shi ne na farko da ya zo mata da wannan fushin ba. Ko a salon Commander, inda ake farawa da rai 40, dafi goman nan ne dai, shi ya sa wasu ke tsuke fuska da zarar sun ga mai irin wannan dami ya zauna. Ta fito da kati guda, Melira, Sylvok Outcast, na 2011. "Muddin tana fagenka, dafi ba zai shige ka ba. Amma wanda ya riga ya shiga, ba ruwanta da shi. Yana nan yana jiran ranar da za a kashe ta."

"Ni mai cirewa nake so."

Ta koma tsohon akwatin nan ta daɗe tana lalube, ta fito da wani kati da gefensa ya soma kaɗewa. Leeches sunansa, wato matsattsaku, daga jerin Homelands na 1995. "Shekara da shekaru wannan ne kaɗai mai cire wa mutum dafin jikinsa. Masu tsara wasan da gangan suka ƙi yawaita irinsa. Ya tsufa, ba a yarda da shi a gasar da kuke yi ba, amma karanta ka gani."

Ya karanta. Katin na kwashe dafin mutum gaba ɗaya, sannan ya buga masa rauni daidai yawan ɗigon da ya kwashe. Mai dafi tara, rai tara zai biya nan take, ba ragi.

"Wannan ai ba magani ba ne, duka ne."

"Kai da ke da arba'in da ɗaya, me zai dame ka?"

Bai amsa ba. Ya waiga ya hango ƙanwarsa ta zauna zagaye na uku da wani mai gemu, tana jera duwatsunta. Ya ce, "Wai ina ta samu kuɗin wannan damin?"

Dattijuwa ta nuna masa wani kwali a ƙarƙashin kanta. Fakitoci ne a rufe, da tambarin farashin shagon a jikinsu. "Ta kawo su na musanya mata. Ko ɗaya ba ta buɗe ba."

Ya tsuguna ya ƙirga, 14. Kowanne ya san da kuɗinsa aka saya. Ya yi ƙoƙarin tuna abin da ya sa ya sayi kowanne, ya kasa kai rabi.

Yarinyar ta faɗi a zagaye na uku, mai gemun ya san dafi, tun shigowar mayaƙanta yake kashe su. Wajen ƙarfe goma na dare suka fito suka tsaya a rumfar jiran bas. Hannunsa ya kai aljihu inda walat take, ya tsaya, ya fito da shi ba komai.

"Fakitocin nan," ya ce. "Faɗa mini na mene ne da mene ne."

Ta dube shi. "Duka?"

"Duka."

Ta fara da sunan 'Yar Rakiya, da daren da ya fara faɗarsa, da waɗanda ke wurin. Ya yi shiru. Ta zo kan katin da ya bayar a musaya.

"Amma ai wanda na karɓo miki ya fi shi tsada da..."

Ta rufe bakinta ta juya tana kallon titi. Motoci uku suka wuce.

"Yi haƙuri. Ci gaba."

Ta ci gaba. Ta faɗi ranar ruwan sama, da yadda ta ƙi shiga motar uwar ƙawarta don kada ya zo ya tarar ba ta nan. Ta faɗi ranar da ya karanta wa abokansa kuskurenta da muryar jarirai. Wannan sam ya manta da shi, sai da ta kwaikwayi muryar ya tuna, kunnuwansa suka yi zafi. Tana cikin na biyar bas ya iso ya buɗe ƙofa.

"Saura tara," in ji shi.

"Saura sun fi tara, Yaya. Ba kullum kake sayen fakiti ba." Ta hau ta biya kuɗinta. "In mun isa gida ka kawo goma sha biyar ɗin nan naka mu duba. Rabinsu ba su da amfani."